Rufin asbestos na gidan Baba: mu sauke shi ne ko mu bar shi?

Autan Malam:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni sukuni yau kusan kwana goma, na kuma san a nan ba a rasa magina da ma'aikatan lafiya, shi ya sa na ce bari in baje ta a gabanku. Ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Gidanmu yana Tudun Wadan Zariya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya gina shi a 1978 lokacin yana aikin jirgin ƙasa. Ɗaki huɗu ne da falo. Rufin gaba ɗaya asbestos ne, mai kaurin nan mai tudu da kwari, silin ɗin ma shi ne, fale-fale masu kusurwa huɗu da aka danne mahaɗarsu da siraran katako. Daga baya, wajen 1985, Baba ya ƙara sito da kicin a bayan gida. Waɗannan ko bulo ɗaya ba a sa musu ba: katako aka kafa, aka bi shi da shimfiɗaɗɗun allunan asbestos, su ne bangon. A kicin ɗin Hajiya take hura icce har gobe, don ta ce tuwon da aka tuƙa a kan gas ba tuwo ba ne. A gidan aka haife ni, a ciki na yi aure, yanzu ni ne a ciki da maiɗakina da yara uku da Hajiya.

Gaskiya ban taɓa ganin aibun rufin nan ba. Watan Afrilu, idan maƙwabta masu kwano suka kwaso tabarmi suka fito waje saboda ɗaki ya koma tanda, mu muna ciki muna barcinmu. Da damina kuma ba ka jin rugugin nan da ke hana mutum sauraron rediyo. Ba ya tsatsa. Baba har ya rasu yana alfahari da shi, yakan ce kwano rufin mai gaggawa ne.

Abin da ya tono maganar sola ce. Na gaji da zaman duhu, na shiga adashi na sayi faranti huɗu da batir. Ranar da yaron da zai haɗa ya zo, ya hau sama don ya auna inda zai huda ya ɗaura ƙarafa. Bai yi taku biyar ba muka ji ƙara, ƙafarsa ta burma har gwiwa. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi. Amma falle ɗaya ya fashe, ɓaraguzan suka faɗo kan silin na lungun da ke zuwa ɗakin Hajiya, shi ma ya tsage, wani yanki ya rikito ƙasa. Farar ƙura ta bazu a lungun. Kafin in dawo daga raka yaron kemis, maiɗakina ta sa tsintsiya ta share tas, yara biyu suna tsaye suna kallo.

Na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na gidanmu, ni nufina a taya ni da kuɗin gyara. Ba a yi minti goma ba sai ga kiran Yayanmu babba daga Abuja, murya a sama. Wai ashe har yanzu ƙarƙashin gubar nan muke kwana, wai Turawa sun hana ta tuntuni, wai sankarar huhu take sawa. Ya turo mini bidiyoyi na wasu mutane cikin fararen kaya har ka, kamar lokacin Ebola, suna sauke irin rufin. Hukuncin da ya yanke shi ne ƙarshen wata zai turo kuɗi, in samo matasa majiya ƙarfi da guduma su farfasa komai cikin kwana biyu, a loda a tifa a je a cike ramin bakin layinmu da ke cinye tayar Keke Napep da damina, sannan a sa kwanon almuniyam da silin POP.

Hajiya da ta ji, cewa ta yi fiye da shekara 40 tana kwana a ƙarƙashinsa ko tarin kirki ba ta taɓa yi ba, kuma duk mai son taɓa rufin Malam ya bari sai bayan ranta. Ni auta ne. Ba ni da bakin yi wa Yaya musu, ba ni kuma da fuskar saɓa wa Hajiya.

To don Allah masu sani ku fitar da ni. Zama kawai a ƙarƙashin rufin nan yana cutarwa? Ƙurar da aka share a gaban yara, mun riga mun cuce su ke nan, in kai su asibiti a ɗauki hoton ƙirji? Ruwan saman da muke tara daga indararo mu zuba a tanki, muna wanki da shi, wani lokaci ma mu sha, shi fa? Ga kuma farantan sola jingine a falo, batir yana ta zama.

Ɗan Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Malam Auta, kwantar da hankalinka, wannan duk tsoron Bature ne. Makarantar firamaren da na yi rufinta asbestos ne, gidan kakana haka, har yanzu ga mu nan muna cin tuwo. Masu sayar da sabon kwano ne suke kururuta maganar don kasuwarsu ta tafi. Ka sa a liƙe wurin da ya fashe, a huda a ɗora solarka. Hayaƙin janareta da muke shaƙa kullum bai kashe mu ba sai rufi?

Tsohon Kafinta:

Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi muku gini na ƙwarai.

Ɗan Sabon Gari, yaro, ba tsoron Bature ba ne. Ni na fara ɗora asbestos a Kaduna tun zamanin Gawon, ina yaron wani ubangidana. Lokacin gidajen ma'aikata, makarantu, bariki, duk shi ake sa musu. Da zarto muke yanka shi, mu tashi fari fat kamar masu niƙa, mu karkaɗe riga mu zauna cin abinci, don ba mu san yana da illa ba. Cikin waɗanda muka yi aikin tare, biyu ciwon ƙirji ya tafi da su, ana ta ba su maganin tarin fuka bai yi musu komai ba. Ni kaina yau in na taka matakala goma sai na tsaya na huta.

Amma ka lura da abin da na ce: yanka shi muke yi. Shi rufin da yake zaune a sama, ba mai sara ba mai gogawa, shiru yake. Shawarar yayanka, kada ya ji haushi, ita ce mafi muni cikin duk abin da za a iya yi wa gidan nan. Guduma ita ce za ta fito da abin da siminti ya riƙe shekara 40. Ramin bakin layi kuwa, duk motar da ta wuce za ta niƙa ɓaraguzan, iskar hunturu ta kwasa ta raba wa unguwa.

Sannan kada ka ƙara barin kowa ya taka rufin nan da ƙafa. Rana da ruwa sun cinye ƙarfinsa, ya zama kamar tsohuwar tukunyar ƙasa, a ido lafiya lau, ka ɗan danna ta ruguje. Na ga wanda ya burma ya faɗo ya karye a baya. In dole sai an hau, a shimfiɗa faffaɗan katako ya ratsa kan katakan da ke ɗauke da rufin, layin ƙusoshi zai nuna maka inda suke, a riƙa taka katakon. Solar kuwa, ka samu mai walda ya yi maka tsayayyen ƙarfe a tsakar gida ko a kan ginin tanki. Ka samu wuta, Hajiya ta samu inuwar tsintar shinkafa, ba a huda komai ba.

Fallen da ya fashe shi kaɗai za a cire. A zaɓi safiyar da babu iska. A jiƙa shi sharkaf da ruwan da aka ɗan zuba wa omo, don ruwan ya kama jikinsa. A datse kawunan ƙusoshin maimakon a ɓanɓare su da ƙarfi. Mutum biyu su zare shi, a sauko da shi da igiya, ba jefowa ba. A naɗe shi cikin leda mai kauri ninki biyu a ɗaure. Injin yankan tayil ko injin huda kada su kusance shi.

Wani abu kuma da zai rikita ka a kasuwa: manyan kamfanonin da aka san su da wannan rufi, irin su Nigerite a Ikeja da Emenite a Enugu, sun daɗe da komawa yin falle na siminti da ba a sa masa wannan zaren, amma bakin mutane ya saba, har yau asbestos ake ce masa. Don haka in mai shago ya ce yana da asbestos, ka tambaye shi sabon yi ne ko tsohon da aka sauke daga wani gini. Sabon za ka saya, ka kuma tafi da awon tudu da kwarin naka don ya hau daidai.

Maman Husna:

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Haki da kake yi ɗin nan, don Allah a kai ka a duba, kuma ka gaya wa likita aikin da ka yi a da, don ba kowa zai tambaya ba.

Malam Auta, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen masu ciwon ƙirji. Bari in fara da abin da ya fi tsaya maka a rai, wato yaran. Shaƙar ƙura ta ɗan lokaci sau ɗaya, daga falle ɗaya da ya fashe, haɗarinta kaɗan ne ƙwarai. Masu kamuwa galibi waɗanda suka yi watanni ko shekaru cikin ƙurar ne. Kada ka kashe kuɗinka a hoton ƙirji, ba abin da zai nuna yanzu, zaren ba ya fitowa a hoto. Madarar nan da ake ce wa leburori su sha wai tana wanke ƙura, ita ma ba ta yin komai, ciki take tafiya ba huhu ba. Abin yi shi ne kada a maimaita. A goge lungun da jiƙaƙƙen tsumma, ƙasa da bango da saman ƙofa, a sa tsumman da tsintsiyar a leda a ɗaure. In akwai tabarma ko darduma a wurin kada a karkaɗe ta, a wanke.

Shi asbestos dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, in an farfasa shi sai ya warware zare-zare kamar audugar rimi. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, shi ya sa aka so shi. A irin rufinku wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne, sauran siminti ne da ya riƙe shi gam. Matsalar ita ce zaren yana tsagewa ya zama siriri har ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa atishawa, kuma yakan daɗe yana yawo a iska. In aka shaƙe shi sai ya gangara can ƙasan huhu ya maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Daga nan ne ake samun tabon da ke sa huhu ya taurare, da sankarar huhu, da wata sankara ta tantanin da ya lulluɓe huhu wadda ake kira mesoteliyoma.

Ɗan Sabon Gari, abin da ya sa kake ganin kowa lafiya shi ne ciwon ba ya gaggawa. Mesoteliyoma takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, lokacin mutum ya manta ma da aikin da ya yi. A nan Afirka aka fara tabbatar da alaƙarta da asbestos: a 1960 wani likita mai suna Wagner da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan marasa lafiya daga yankin ma'adinan shuɗin asbestos a Afirka ta Kudu, kuma da dama daga cikinsu ba su taɓa aiki a ramin haƙa ba, kusa da wurin kawai suka zauna ko suka yi wasa suna yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar sa a wurin aiki. Birtaniya ta gama hana shi tun 1999, amma har yanzu wajen mutum 5,000 yake kashewa a can duk shekara, da yawansu kafintoci da masu gyaran famfo da masu aikin lantarki. An kuma samu matan da suka kamu ta hanyar karkaɗewa da wanke kayan aikin mazajensu. In mutum yana shan taba kuwa, haɗarin sankarar huhu ninkuwa yake yi sosai.

Maganar ruwa da sauƙi. Shaƙa ce hanyar cutar, ba haɗiya ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ga buƙatar sa masa iyaka a ruwan sha ba. Ni abin da zan ce ka kula da shi taɓon da ke taruwa a indararo da gindin tanki ne, don zaren da ruwa ya wanko daga tsohon rufi a nan yake kwanciya. A kwashe shi yana jiƙe, kada a bari ya bushe a share. Ruwan farko na damina kuma a bar shi ya zube, wannan ko rufin kwano ne haka ake yi saboda ƙura da kashin tsuntsaye.

Duk wanda zai cire fallen ya sa takunkumi mai lambar FFP3 ko P3, masu sayar da kayan kariyar ma'aikata suna da shi. Irin na asibiti da muka sa lokacin korona, ko ɗaura hankici a hanci, ba sa tare wannan zaren.

Bakanon Ohio:

Gaisuwa daga Columbus. Malam Auta, na karanta labarinka ina murmushi, don abin da ya same ni ke nan shekara shida da suka wuce, sai dai ni ba ni da Hajiyar da za ta taka mini birki.

A nan Amurka ba a rufi aka fi ganin sa ba, a bangon waje ne. Yawancin gidajen nan katako ne, sai a lulluɓe su daga waje da wani abin da zai tare ruwa da ƙanƙara. Daga shekarun 1940 zuwa 1960 abin da aka fi yayi shi ne 'yan alluna na siminti da asbestos, kowanne inci 12 da 24, a jera su wani kan wani kamar ɓawon kifi. Fasahar ma daga Turai ta zo, wani ɗan Austiriya mai suna Ludwig Hatschek ne ya ƙirƙiro haɗin a 1900. Gidan da na saya an gina shi a 1952, kuma irin bangonsa ke nan. Mai duba gida ya ce yana zargi, amma ido ba ya tabbatarwa, sai da aka aika ɗan gutsure ɗakin gwaji. Sakamako ya zo, farin nau'i ne, wanda shi aka fi amfani da shi a duniya.

Hankalina ya tashi, na kira masu lasisin cirewa. Kuɗin da suka faɗa ya sa na zauna. Sai na je na karanta shawarar hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, na ga su da kansu cewa suke yi in abin yana cikin ƙoshin lafiya a bar shi kada a taɓa. Na duba layinmu, gida fiye da rabi irin nawa ne. Wasu fenti suka yi masa, wasu suka ɗora masa rigar roba daga waje suka bar shi a ciki.

Ga yadda nake yi da nawa. Sau ɗaya a shekara ina zagaya shi ina neman tsaga. Wanki da tiyo na ban-ruwa da buroshi mai laushi da sabulu, ba na yarda da injin nan mai feso ruwa da ƙarfi irin na masu wankin mota, don yana kankare fuskar simintin ya watsa zaren a tsakar gida. Ba na gogawa da sanfefa ko buroshin waya. Fenti shafi biyu, irin mai ruwa. Ƙananan tsaga in cike su da abin liƙi. Wanda ya karye in jiƙa shi in zare, in sa sabo, don ana yin irinsu daidai girman tsofaffin amma babu asbestos. Mu a nan har da wata fitinar ta biyu, gidan da aka gina kafin 1978 tsohon fentinsa yana iya ƙunsar dalma, wannan ma ya isa ya hana mutum kankara.

Ka gaya wa Yaya gaskiyarsa ce, an hana. Tarayyar Turai ta hana a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Amurka ta gwada a 1989 kotu ta soke mafi yawan dokar a 1991, sai a Maris na 2024 EPA ta fitar da dokar hana farin nau'in. Akwai ma wani gari a Kanada da sunansa Asbestos, mutanensa suka gaji da sunan suka canza shi a 2020. Amma hanin na haƙowa ne da sayarwa da sakawa a sabon gini. Tsofaffin gidaje suna nan da kayansu, mutane na ciki. Fararen kayan da ya gani a bidiyo kuwa, ai hujja ce a kansa: masu sauke rufin ne suka sa su.

Autan Malam:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na gode, Allah ya ba ka lafiya. Maman Husna, maiɗakina ta ce in isar da godiyarta, kwana biyu tana kuka a ɓoye tana ganin ita ta cuci yaran.

Bayan na karanta bayanin mutumin Ohio na zagaya bayan gida na tsaya na kalli bangon sito da kicin, kallon da ban taɓa yi masa ba. Jama'a, ashe muna ta rigima a kan rufi, matsalar tana ƙasa. Gindin allunan duk ya zaizaye, ruwan damina yana dukansa, awakin Hajiya suna soshe jikinsu a wurin. In ka shafa da yatsa sai ya fito da gari. Ɓangaren murhu ya yi baƙi ya tsattsage. Abin da ya fi kashe mini jiki, na tarar da ɗana na biyu, ɗan shekara biyar, da ɗan gutsure a hannu yana zana mota a jikin daɓe. Na tuna mu ma da shi muke zana layin wasan 'yar gala-gala da 'yan'uwana mata muna yara, mun ɗauke shi alli.

Wannan shi ma fenti zai riƙe shi, ko ya wuce nan?

Tsohon Kafinta:

Ya wuce nan, ɗana. Fenti yana riƙe allon da yake da ƙarfi ne. Wanda yake fitar da gari in an shafa, ko an shafa masa fenti ɓanɓarowa zai yi da fentin. Ga shi a ƙasa inda hannun yaro yake kaiwa, ga wuta a gefe, kuma irin allon nan in wuta ta ci shi sosai fashewa yake yi da ƙara ya watsu. A nan kuɗin yayanka za su yi amfani. A sauke allunan ɗaya bayan ɗaya yadda na faɗa, a jiƙe, a tsintsince gutsattsarin da ke ƙasa, a kankare ƙasar gindin bangon tana jiƙe a haɗa da su, a tayar da bulo. Ranar aikin kada mace ko yaro ya kwana a gidan, a rufe tagogi, a gaya wa maƙwabta su ma su rufe nasu su kwashe shanya. Masu aikin su tuɓe kayan a nan su yi wanka, kada su tafi da su gida.

Hajiya kuma, ce mata za ka yi ba a taɓa rufin Malam ba, kicin za a sabunta mata.

Autan Malam:

Salam. Na ɓace sati uku, ga yadda aka ƙare.

Na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta ban ƙara ko kalma ba. Kwana biyu bai ce komai ba, sai na ga sanarwar banki. Da na kira in yi godiya, abin da ya ce kawai shi ne in tabbata na sayi takunkumin mai lamba. A Kaduna na samo, guda shida, da rigunan leda na aiki.

Baba, dabararka ta ci. Hajiya ta yarda, da sharaɗin a bar mata murhunta inda yake. Na kai ta da yaran gidan ƙanwarta a Samaru suka yi kwana uku. Allo 14 muka sauke, biyu ne kawai suka karye, su ma a jiƙe. Wahalar da na sha ba ta allunan ba ce, ta leburan ce: zafi ya sa ɗaya yana ta zame takunkumi zuwa haɓa, sai da na ce duk wanda na ƙara ganin hancinsa a waje ba shi da kuɗin yini. Fallen rufin da ya fashe an canza shi da sabo, silin ɗin lungun ma haka, sauran silin na gidan kuma an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma an yi masa fenti shafi biyu. Mai walda ya kafa ƙarfen sola a kan ginin tanki. Jiya da dare da wutarmu muka kwana.

Saura abu ɗaya. Allunan suna nan a bayan sito, a naɗe cikin leda ninki biyu, na ɗora musu bulo. Na je ofishin masu kula da muhalli sau biyu in tambayi inda ake kai irin wannan, an ce in dawo. Masu kwasar shara na san bola za su kai su, gobe in gan su a hannun 'yan jari bola. Yanzu kuma maƙwabcinmu, dattijo ne abokin Baba, wanda ya yi mana tsaye ranar jana'iza, ya aiko sau uku wai in ba shi su ya yi akurkin kaji, tunda ni na ƙoshi da su. Na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce kajinsa ba sa kai shekara 20. Gobe bayan sallar asuba zai sake tare ni a ƙofar masallaci. Me zan ce masa?